Kundin GitLab: Kamfanin da Ya Rubuta Ofishinsa Maimakon Ya Gina Shi

Duk wanda ya tambaye ni abin da zai karanta kan tafiyar da kamfani ba tare da ofis ba, kafin ya rufe baki na ba shi amsa: Kundin GitLab. Ba za ka same shi a kantin littattafai ba. Ba shi da bango, ba shi da farashi, ba shi da shafin ƙarshe. Yana nan a intanet a buɗe, kyauta, kuma da za a buga shi a takarda da ya haura shafi 2,000. Rubuce-rubuce kan aiki daga nesa sun yi ta kwararowa tun da annobar korona ta garƙame ofisoshin duniya a 2020, na kuwa bi da dama daga cikinsu, amma wallahi ban ga na biyun wannan ba. Sauran shawara suke ba ka daga nesa. Wannan labule yake ɗaga maka ya ce shigo ka ga yadda muke yi, har da inda muka tafka ɓarna.

Ga wanda bai san su ba, GitLab kamfani ne mai yin manhajar da masu rubuta manhajoji ke haɗuwa a kanta. Nan suke ajiye aikinsu, su duba na juna, su gwada shi, sannan su sake shi ga jama'a. Asalinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙaunace shi. Wani matashi ɗan ƙasar Yukiren, Dmitriy Zaporozhets, shi ya fara rubuta manhajar a 2011, a gidan da ko famfo babu, sai ya je rijiyar unguwa ya ɗebo ruwa. A 2012 wani ɗan Holan, Sid Sijbrandij, ya ci karo da ita a intanet, ya hango kasuwa a ciki. Tun ran gini tun ran zane: mutum biyun da suka kafa kamfanin ma ba ƙasa ɗaya suke zaune ba. A 2015 suka shiga shirin Y Combinator mai renon sababbin kamfanoni a Kaliforniya, daga baya suka kama ofis a San Faransisko kamar yadda kowa ke yi. Sijbrandij ya sha ba da labarin yadda ma'aikata kan zo na 'yan kwanaki, sannan su ɗauke ƙafa su ci gaba da aiki daga gida, aikin kuma bai fasa tafiya ba. Da wani shugaban ne, da tuni ya ajiye rajistar sa hannu a bakin ƙofa. Shi kuwa sai ya ƙyale su, ya mai da hankali kan rubuta yadda za a yi aikin.

Ranar 14 ga Oktoba, 2021, aka fara sayar da hannayen jarin kamfanin a kasuwar Nasdaq, a kan dala 77 kowane ɗaya. A lokacin yana da ma'aikata sama da 1,300 a ƙasashe fiye da 60. Abin da ya fi sa ni dariyar jin daɗi shi ne takardun da suka miƙa wa hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka. A gurbin da ake rubuta adireshin hedikwata, sai suka nuna cewa wannan gurbi bai shafe su ba, domin ba su da hedikwata. Kamfanin biliyoyin daloli, amma babu ginin da za ka tsaya a gabansa ka ɗauki hoto!

To me ya riƙe mutane sama da dubu da ba sa ganin juna? Doka guda ce, kuma ita ce ta tafi da imanina: komai sai ya fara shiga kundi. Idan an sauya wata ƙa'ida, ba a sanar da ita a taro sannan a ce wani zai rubuta daga baya. A kundin ake fara yin gyaran, sanarwar ta biyo da mahaɗin shafin. Idan sabon ma'aikaci ya yi tambaya a Slack, manhajar hirar da suke amfani da ita, amsar da ake so a ba shi ita ce mahaɗin shafin da ya yi bayani. In kuwa babu shafin, to wanda ya san amsar zai je ya rubuta ta a kundin tukuna, sannan ya dawo ya turo mahaɗin. Mutum na gaba da zai yi wannan tambaya ba sai ya tashi kowa daga barci ba.

Kuma kundin ba mallakin manya ba ne. Da irin hanyar da suke gyara manhajarsu suke gyara shi: kowane ma'aikaci zai iya gabatar da gyara a kan kowane shafi, a tattauna a fili, wanda ke da alhakin shafin ya amince ko ya ƙi, tarihin duk wani canji kuma ya zauna, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi. Kai har wanda ba ma'aikacinsu ba yana iya ganin kuskure ya turo gyara. Ga wata dabara da na jinjina wa wanda ya ƙirƙiro ta: saƙonnin Slack ɗinsu gogewa suke bayan kwana 90. Da gangan suka saita hakan. Duk wanda ya bar muhimmiyar magana a cikin hira ya san wata uku kawai za ta yi ta ɓace, don haka dole ya kwashe ta ya kai inda za ta dawwama. Sun san halin ɗan Adam da son sauƙi, sai suka toshe masa hanyar lalaci maimakon su tsaya yi masa wa'azi.

Wanda ya san manyan kasuwanninmu zai gane darajar wannan nan take. Sau nawa ka ga babban shago wanda farashin sari, da sunayen masu bashi, da lambar dillalin da ke turo kaya duk suna cikin kan maigida shi kaɗai? Ranar da ya tafi Umara, yaran shago sai kiran waya, mai saye na tsaye ana ce masa a jira Alhaji ya ɗaga. Kamfanoni masu gilasai da na'urar sanyaya ɗaki ma haka suke, illa dai su ofis ne ke rufa musu asiri, tunda ana iya leƙawa ɗakin maƙwabci a yi tambaya. Da zarar an ɗauke ofishin, sai asiri ya tonu. Abin da ya faru da kamfanoni da yawa ke nan a 2020, suka koma suna ɗora wa aiki daga gida laifin da tun can na rashin rubutu ne.

Daga wannan doka sauran suka tsiro. Idan ƙarfe tara na safe ta buga a San Faransisko, a Amsterdam shida na yamma ce, a Indiya kuwa dare ya riga ya yi. Babu sa'ar da za ta dace da kowa, saboda haka kundin ya koya musu yin aiki ba tare da jiran a haɗu a lokaci guda ba. Ka rubuta buƙatarka cikakkiya, da dalilinta, da abin da aka riga aka gwada, yadda wanda zai farka bayan sa'a takwas zai karanta ya ɗauki mataki ba sai ya ce maka "me kake nufi?" ba. Kowane aiki yana da mutum guda da alhakin yanke hukunci ke wuyansa, tsarin da suka aro daga Apple. Zai saurari kowa, amma ba sai kowa ya yarda zai motsa ba. Sannan suna son a riƙa fitar da ƙaramin gyara da wuri, ko da bai kammala kyau ba, a ji ra'ayi, a ƙara gyarawa. Abin da ake aunawa shi ne sakamakon da ka kawo. Ko da Asuba ka yi aikin ko bayan Isha'i, babu mai bin ka da agogo. Mu da muka san yadda wutar lantarki da sabis kan yi wa mutum tutsu ana tsaka da taron bidiyo, wannan tsari kamar don mu aka yanka shi.

Taro kuwa, wayyo, babin taro! Na so a fassara shi a liƙa a ƙofar kowane ɗakin taro na duniya. Kowane taro sai da ajanda a rubuce a Google Docs kafin a fara, kowa ya sa tambayarsa a jere da sunansa, ana magana ana rubuta abin da aka faɗa a cikin takardar. Taron rabin sa'a minti 25 ne, na sa'a guda minti 50, don mutum ya samu ya miƙe ƙafa ya sha ruwa. Ana naɗar da yawa daga cikin tarurrukan, wanda yake barci a wancan ɓangaren duniya ya kalla da safe. Suna ma da tashar YouTube mai suna GitLab Unfiltered inda suke zuba bidiyon tarurrukansu ba tare da tacewa ba, ni da kai mu zauna mu kalli yadda ake gardama kan aiki a cikin kamfanin da ba mu da ko sisi a ciki. Kuma ko mutum uku suna ɗaki ɗaya, so ake kowa ya shiga da kwamfutarsa da kyamararsa, don kada na nesa ya zama ɗan kallo yana jin dariya bai san abin da aka faɗa ba. A kan wannan dalili ne suke gargaɗi game da tsarin rabi a ofis rabi a gida: idan ba a yi hattara ba, waɗanda shugaba ke gani kullum su za su zama 'yan gaban goshi, na gida su zama 'yan bora.

Mai karatu zai ce to ina zumunci? Sun yi tunanin wannan ma. Tunda babu baranda da za a haɗu a gaisa, sai suka tsara gaisuwar da hannu. Akwai hirar shan gahawa ta minti 25 ta bidiyo, wadda ba ta da ajanda, za ka iya gayyatar kowa a kamfanin ku taɓa hira, sabon ma'aikaci kuma sai ya yi irin wannan da mutane da dama a makonninsa na farko. Ana haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa yi masa jagora. Idan yaro ya faɗo cikin taro yana neman babansa, ba abin kunya ba ne, gaishe shi ake yi. Akwai zauren Slack na godiya zalla, yabo a bainar jama'a, gyara kuwa tsakanin mutum biyu. Suna kuma haɗuwa ido da ido lokaci zuwa lokaci, a 2018 ma a Afirka ta Kudu suka yi babban taronsu.

Yanzu ga inda na fi daɗewa: tsaro. Kamfani mai ofis yakan dogara da katanga, duk kwamfutar da ke cikin gini amintacciya ce, ta waje abar zargi. GitLab ba su da ciki balle waje. Ma'aikacinsu na iya kasancewa a falonsa, ko a otal, ko a filin jirgi. Sai suka rungumi tsarin da ba ya amincewa da kowa don wurin da yake zaune: duk lokacin da za ka taɓa wani abu, sai an tabbatar kai ne, an tabbatar na'urarka lafiyayya ce, kuma iya abin da aikinka ke buƙata kaɗai za a buɗe maka. Kwamfutocin aiki Mac ne ko Linux. Dole a sarƙe faifan kowace, yadda ko ɓarawo ya sace ta ya zare faifan ba zai karanta komai ba. Kalmomin sirri suna cikin manhajar 1Password, ba a bayan littafin rubutu ba. Shiga manhajojin kamfani ta ƙofa guda ake yi, wato Okta, kuma kalmar sirri kaɗai ba ta buɗe ta, sai an haɗa da zanen yatsa ko ɗan makullin tsaro irin YubiKey da ake soka wa kwamfuta. Fa'idar wannan makulli ita ce shi ba a yaudararsa da kamanni. Yana duba ainihin adireshin shafin, idan na bogi ne ba zai amsa ba, ko da mai shi ya riga ya ruɗu.

Sun kuma nuna mana dalilin da ya sa ba a dogara da wayon ma'aikaci kaɗai. A 2020 sashen tsaronsu ya ɗana wa nasu mutanen tarko. Aka tura wa ma'aikata 50 imel na bogi, wai sashen kula da na'urori zai ba su sabuwar MacBook, su latsa nan su shiga. Mutum 17 suka latsa, 10 suka zuba bayanan shigarsu a shafin bogin, 6 kacal suka kai rahoto. Mutum ɗaya cikin biyar, a kamfanin da ya cika da gwanayen kwamfuta! Wane kamfani ne zai bari duniya ta ji wannan? Su da hannunsu suka wallafa sakamakon. Haka suke yi da ɓarakar da masu bincike na waje ke gano musu ta dandalin HackerOne: su biya lada, su toshe, bayan kwana 30 da fitar da gyaran su buɗe bayanin kowa ya karanta.

Amma duk wannan wasa ne idan aka kwatanta da daren 31 ga Janairu, 2017. Wannan labari na karanta shi har na kusa haddacewa, kuma kullum sai tsigar jikina ta tashi. Rumbun bayanan shafinsu yana kan na'urori biyu ne, babba da mataimakiya mai kwafar duk abin da babbar ta rubuta. A wannan dare lodi ya yi yawa, mataimakiyar ta kasa bin sawu. Wani injiniya, dare ya yi masa, ga gajiya, ya yanke shawarar share mataimakiyar don a sake kwafa daga farko. Sai ya ba da umarnin gogewa a kan babbar. Cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya ankara ya tsayar, amma aikin gama ya gama. Daga wajen gigabait 300, abin da ya rage bai kai 5 ba.

Aka ce to a ɗauko kwafin ajiya. Suna da hanyoyi biyar na ajiya da kwafi, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wata ta daɗe da mutuwa shiru saboda sigar manhajar da ke yin kwafin ba ta dace da ta rumbun ba, imel ɗin da ya kamata ya sanar da gazawar kuma ba ya isowa. Wata ba a ma kunna ta ga waɗannan na'urori ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu, don wani gwaji daban, kimanin sa'a shida kafin ɓarnar. Shafin ya yi wajen sa'a 18 a rufe. Bayanan sa'a shida suka salwanta, abin ya shafi ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu wajen 700, ko da yake ainihin rubutun manhajojin mutane bai taɓu ba, tunda wani wuri daban yake.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maimakon su fitar da 'yar sanarwa mai cewa ana gudanar da gyare-gyare, sai suka faɗa a Twitter cewa sun goge bayanai bisa kuskure. Suka buɗe takardar da suke rubuta abin da ke faruwa, kowa na gani. Sannan, jama'a, suka kunna bidiyo kai tsaye a YouTube, injiniyoyinsu kowa daga inda yake, suna ta faman dawo da rumbun, dubban mutane na kallo! Ba a kori injiniyan ba. Rahoton da suka fitar bayan kwanaki ya bi diddigin tsarin da ya bar mutum guda mai gajiya ya iya yin irin wannan ɓarna, da dalilin da ya sa ba wanda ke da alhakin gwada kwafin ajiya. Suka ɗora wa mutum takamaimai wannan alhaki, suka jera gyare-gyaren a fili yadda kowa zai bi ya ga an yi ko ba a yi ba. Ni a nan na gane dalilin da ya sa tsarinsu ke tafiya. Ma'aikacin da ke can shi kaɗai a ɗakinsa, babu mai ganinsa, idan yana tsoron kora zai ɓoye kuskurensa har ya ruɓe. Wannan ya faɗa nan take. Kuma duk mai kamfani da ya karanta labarin, na tabbata kafin ya kwanta sai ya tambayi yaransa yaushe rabon da a gwada dawo da kwafin ajiyarsu.

Son da nake wa kundin bai rufe mini ido ba. Tsarin albashinsu yana la'akari da inda kake zaune, wato mutum biyu masu aiki iri ɗaya, na birni mai tsada ya fi na gari mai araha samu. Sun bayyana hujjojinsu dalla-dalla, na karanta, har yanzu abin na yi mini ɗaci a maƙogwaro, domin mu ne za mu faɗa a ɓangaren araha. Gaskiyarsu ba ta hana su sallamar kashi 7 cikin ɗari na ma'aikata a Fabrairun 2023 ba. Tun da suka shiga kasuwar hannayen jari kuma, akwai bayanan da doka ta sa suka mayar wani kundi na cikin gida. Girman kundin ma kansa na iya firgita baƙo, ga shi da Turanci yake. Duk da haka, wa ya ba ni damar yin wannan ƙorafi in ba su ba? Ƙa'idar albashin wasu kamfanonin ko ma'aikatansu ba su taɓa ganinta ba.

Kada ka ce za ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, su kansu ma'aikatan ba haka suke yi ba, bincika shi ake yi idan buƙata ta taso. Fara da shafin ɗabi'un kamfani, ka wuce na sadarwa, sannan sashen aiki daga nesa, wanda Darren Murph ya yi wa hidima sosai bayan an ɗauke shi a 2019 a matsayin shugaban wannan fanni. Idan kana da ma'aikata biyar ne kawai, kuna tafiyar da komai ta saƙon murya a WhatsApp, buɗe takarda guda a Google Docs yau, ka rubuta amsar tambayar da aka fi damun ka da ita a makon nan, ka tura musu mahaɗin. Gobe idan wani ya sake yin tambayar, kada ka amsa da baki, sake tura masa.